Malama Talatu ta tafi, ɗiyan Ƙyale ba su buɗe ido ba tukuna

Malama Talatu ta rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni, ina tsaye ƙofar ofis a Ƙanƙara ina lalaben mabuɗi cikin jaka. Ɗiyarta Hinde ce ta kira. Ta ce, "Anti, Mama ta cika." Na ce wace Mama, kamar tana da su da yawa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na je Pauwa. An yi mata sutura, an kai ta makwancinta, yanzu na dawo gida. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba, ku yi haƙuri. Hannuwana duka biyu suna cikin aiki, kuma zan faɗa maku ko wane aiki ne.

Ga wanda bai san ta ba, Malama Talatu ma'aikaciyar lafiyar dabbobi ce. Ita na tarar a ofishin Faskari lokacin da aka fara tura ni aiki, ina ɗauke da sabon digiri da farin takalmi. Ta dubi takalmin, ta dube ni. Washegari na iske takalmin danƙo a kan kujerata, daidai ƙafata. Har yau ban san yadda ta auna ba.

Idan makiyayi ya shigo ya tsallake ni da ido yana tambayar ina likitan, sai ta nuna ni da haɓa.

"Ga ta nan. Ni 'yar rakiya ce."

Ranar kasuwa ba ta taɓa shigowa ba tare da kwanon dambu ba. Takan ce na cika rama, kada mutane su zaci ofis ne ba ya ciyar da ma'aikatansa.

Kakanninta Maguzawa ne, manoma kuma mafarauta, saboda haka cikin karnuka ta tashi. Ba ta tsoronsu, ba ta ƙyamarsu. Tana da rigar aiki daban, rigar salla daban, karnukan kuma suna can bayan gida wajen rumbuna. Duk da haka gari ya sa mata suna Uwar Karnuka, kuma ba don yabo ba. Akwai matan da in ta zauna a tabarmarsu sai sun shanya ta a rana bayan ta tashi.

Sai tsaro ya lalace.

Ƙauyuka daga Daudawa har hanyar Sabuwa kowa ya tuna cewa kare yana jin ƙarar babur tun mutum bai ji ba. Waɗanda suke shanya tabarma suka fara aiko da gaisuwa. Uwar Karnuka ta koma Hajiya Malama. Ita kuma, da yake ba irina ba ce, ba ta tuna wa kowa komai ba. Ta dinga ba su 'yan kwikwiyo, sharaɗinta ɗaya tak: ba ta raba su da uwarsu sai sun buɗe ido, sun yi ƙafa, sun fara cin abinci.

A wajenta na koyi son kallon wannan abin. A makaranta mun karanta shi a shafi guda mun wuce. Ana haifar ɗan kwikwiyo ido a liƙe, kunne a toshe. Idon yana nan a ciki amma bai gama haɗuwa ba, fatar da ta rufe shi ita ke tsare shi daga haske da ƙura har ya ƙarasa. Wajen mako biyu sai ya fara tsagewa da kansa, daga gefen hanci, kaɗan kaɗan, wani lokaci ido ɗaya ya riga ɗaya. In ya buɗe za ku gan shi shuɗi-shuɗi da hazo, bai ganin komai sai inuwa da motsi. Sai an ƙara makonni kafin ya gane fuska.

Malama takan durƙusa gaban su ta daɗe tana kallo.

"Bai nuna ba tukuna. Wanda ya rufe tukunyar shi zai buɗe ta. Ke naki ki hana hayaƙi da rana, ki hana yara haska masu tocila."

Shi ke nan duk karatun. Duhu, ɗumi, nonon uwa, da hannu a aljihu.

Yanzu bari in zo kan Ciyaman.

Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi ƙauyensa ba. Ba don ina tsoro ba. Kowa a yankin ya san shi, shi ma ya san kansa, kuma na san yana karanta wannan, don shi ne na farko da ya sa hoton Malama a sitatus ɗin wayarsa da rana, da alamar kuka har guda uku. Ciyaman ne na kwamitin tsaron ƙauyensu. Mutum ne mai son a ga yana sauri.

Bara waccan ya zo ofis da kansa ya ce ƙauyensu ba za su iya jiran layi ba. Malama ta tausaya, ta yi abin da ba ta saba yi ba. Ta ba su aron karyarta mai ciki, ta haihu a can, ɗiyan su tashi da sanin ƙamshin garin. Ta yi mashi bayani a gabana, sau biyu, a hankali kamar mai koya wa yaro alwala. A sa su a duhu. Kada a taɓa idonsu. Za mu zo mu duba.

Ya ce, "Haba Hajiya, sai ka ce yau muka fara ganin kare."

Da muka je dubawa, tun daga ƙofar gida muka ji kukan. Ba irin kukan yunwa ba.

Su shida ne a cikin kwando, an ajiye su tsakar gida, rana tsaka. An ɓare masu ido da babban yatsa, fatar ta yage, an cusa masu kwalli haɗe da albarushi. Baƙin ruwa yana bin fuskokinsu. An ɗaure uwar can nesa a jikin turke don kada ta lashe maganin.

Maganin. Haka ya kira shi.

Yana tsaye yana murmushi, yana jiran a yaba mashi. Ya ce haka kakansa ke yi. Wai in ka buɗe wa kare ido da hannunka, fuskarka ya fara gani a duniya, ba zai bi kowa ba sai kai. Albarushin kuma don ya riƙa gani cikin duhu, ya yi zafin zuciya.

Na ce, "Alhaji, kakan naka karnuka nawa ya bari masu ido?"

Malama ta taka mani ƙafa. Ta nemi ruwan ɗumi da gishiri kaɗan da auduga, ta zauna a ƙasa da rigarta, muka yi ta wanke su ɗaya bayan ɗaya. Da muka gama, sai ta ce mashi, "Alhaji, ai da ka jira."

Iyakar faɗan da ta yi ke nan.

Mun yi ta komawa da magani. Babu wanda ya tsira da ido ko ɗaya. Da aka yaye su ta roƙi a ba ta wadda ta fi jin jiki, wata 'yar ja mai farin ƙirji, ta tafi da ita gida. Ta sa mata suna Ƙyale.

Da a nan abin ya tsaya, da yau gaisuwa kawai zan rubuta in yi shiru.

Bayan wasu watanni aka shiga ƙauyen aka kore shanu. Mutane suka juyo kan kwamiti suna tambaya ina karnukan da aka yi ta cika baki da su. Ciyaman yana buƙatar amsa, kuma amsar ba za ta zama babban yatsansa ba. Ya tsaya a kasuwa, gaban 'yan sa-kai da masu sayar da hatsi, ya ce a makance aka haife su. Ya ce irin karnukan matar nan ke nan, makafi, kuma ta sani. Ya ce ku tambayi kanku wa ke amfana idan karnukan gari ba su gani.

Bai ce infoma ba, mai kai wa ɓarayin daji rahoto. Ya bari wasu suka faɗa a madadinsa.

Ku da kuke zaune Abuja da Kaduna, ban san ko kun san nauyin wannan kalma a wajenmu ba. Ba zagi ba ce. Mutum yakan fita sayen gishiri da ita a kansa, a dawo da hularsa kawai.

Na je na yi magana. Na ce ina wurin, da idona na ga albarushin. Aka ce to me za ta ce, ɗiyar ɗakinta ce, 'yar boko. Mata biyu a gefe guda, Ciyaman da babbar riga a gefe guda. Kun san yadda ake auna irin wannan.

Sauran biyar ɗin aka kashe su a ranar. Shaida ta ragu.

Gaisuwa ta ɗauke. Mai nama ya daina ganinta. Masu babura suka fara tsayawa ƙofar gidanta, ba su sallama, ba su tafiya. Matar da ta yi wa rabin shanun yankin allura ta ajiye aiki kafin lokacinta, ta kwashe kayanta a bayan a-kori-kura tare da awakinta da makauniyar karya, ta koma gidan wanta Baba Audu a Pauwa. Can hawan jini ya same ta. Likita ya ce gado ne da shekaru. Ni ma likita ce, ko da ta dabbobi, kuma na san ranar da ya fara.

Ban taɓa jin ta zagi Ciyaman ba. Ni na riƙa yi mata wannan aikin, kyauta.

"Ke dai da faɗa," in ji ta. "A ƙyale shi."

Darussa da yawa na ɗauka a wajen Malama. Wannan na faɗi jarrabawarsa, kuma ba ni da niyyar sakewa.

Ganina da ita na ƙarshe ranar Juma'ar da ta wuce ne. Ta aiko a ce mani Ƙyale ta haihu. Na iske ta zaune a tabarma bayan rumbu, ta rame, zanen ya yi mata yawa. Ta kewaye ƙarƙashin rumbun da zana, ta rataya buhu a bakin don kada haske ya shiga. Ta ɗaga gefen buhun kaɗan ta ce in leƙa.

Biyar. Ido a liƙe, suna ta ture juna a cikin uwarsu. Ƙyale tana bin su da hanci tana ƙirga su, don ita ba ta da wata hanyar.

Na ce, "Malama, kin san abin da wannan ke nufi?"

Ta ce, "Yana nufin sai an ƙara dusa."

Na ce in waɗannan suka buɗe ido garau, daga cikin makauniyar da ya ce irinta ne, maganarsa ta mutu. Mu kai su kasuwar da ya tsaya.

Ta yi dariya har ta yi tari. Sannan ta shafa kan Ƙyale.

"Ki dawo in sun buɗe. Ki zo da wayarki ki ɗauka. Ba don kowa ba, ni dai in gani."

Na tashi zan tafi, har na kai bakin zana, sai ta ƙara da cewa, ba ta dube ni ba, "In kin ɗauka kau, ba sai kin ɓoye ba."

Sannan na san abin yana cin ta. Duk wannan haƙurin, yana cin ta.

Ba ta gani ba. Saura kwanaki kaɗan, ba ta gani ba.

To yau ina cikin gida wajen mata, bayan an dawo daga maƙabarta, sai Hinde ta zo ta raɗa mani cewa Ciyaman yana zaure. Ya zo gaisuwa. Farar shadda, mutum biyu a bayansa. Na matsa jikin katanga inda ake jin maganar maza.

Ya yi addu'a mai tsawo, ba laifi, ya iya. Sannan ya gyara murya ya ce, "Baba Audu, abin da ya faru tsakaninmu da marigayiya ya wuce. Ni na yafe mata, duniya da lahira."

Ya yafe mata.

Ku sake karantawa, ni ma sai da na sake ji a kaina.

Aka ce madalla, madalla. Sai ya ce ya ji an bar 'yan kwikwiyo, kuma gidan makoki ba wurin hidimar karnuka ba ne. Kwamiti zai karɓe su ya rage wa iyali nauyi. Yau ɗin nan ma, tunda da mota ya zo.

Baba Audu tsoho ne, ya gaji, kuma bai taɓa son karnukan ba. Na ji ya fara cewa, "To, Alhaji, in dai hakan..."

Ban jira ƙarshen ba. Na zaga bayan rumbu na sa su cikin kwali, na shimfiɗa masu tsohon zanen Malama, na rufe da wani. Na ɗaura wa Ƙyale igiya. Gidan ƙofa ɗaya gare shi, saboda haka ta zauren na bi, da mayafina da kwalina da makauniyar karya, ta tsakiyar masu gaisuwa. Maza suka yi ta janye ƙafa da riguna.

Na durƙusa na ce, "Baba, Malama ta bar mani amanar waɗannan. Hinde shaida ce."

Baba Audu ya ce, "To ai shi ke nan, ɗiyata. Allah ya yi maki albarka." Har da ajiyar zuciya.

Ciyaman ya ce, "A'a, Dakta, ashe kina nan. Ina gajiya? Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'abutansa, Alhaji. An kai ta ɗazu."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya matso, ya miƙo hannu wajen zanen. "Mu gani mana, ko sun buɗe ido."

Na ce, "Alhaji, hannunka."

Ban ɗaga murya ba. Amma kowa a zauren ya ji.

Ƙyale ba ta taɓa yi wa baƙo gurnani ba, kowa a Pauwa zai faɗa maku. Yara suna hawa bayanta. Amma da ya yi magana kusa da ita, sai ta sunkuyar da kai, gashin wuyanta ya tashi, wata ƙara ta fito daga ƙirjinta wadda ban taɓa ji ba. Ciyaman ya ja baya har ya taka takalmin wani.

Na ce, "Ka ga, ashe kakanka ya yi gaskiya. Fuskarka ta fara gani a duniya. Ba ta manta ba."

Wani daga can baya ya yi tari irin wanda ba tari ba ne. Na fita.

Yanzu suna ɗakin ajiyata, na toshe taga da bargo. Ga aikin da na ce maku hannuwana suna ciki. Da na duba su a gida na tarar ƙaramin cikinsu idonsa na hagu ya kumbura, fatar ta yi tsini kamar ƙwayar gyaɗa na ciki. Mugunya ce ta taru a bayan fatar. Yakan faru, kuma in aka bar shi yana cinye idon tun bai ga duniya ba. Malama ba ta da ƙarfin lura a kwanakin nan, da ta gani.

Kun gane abin da ke gabana. In wannan ɗaya ya makance, Ciyaman ba zai ƙirga huɗun ba. Ɗayan zai ɗaga sama a kasuwa.

Tun la'asar nake zaune da ruwan ɗumi da auduga mai tsabta, ina dafa wa idon, in ɗaga, in sake. Ɗazu gefen hancin ya ɗan saki, ruwan ya fara fita. Na wanke, na sa maganin ido. In gobe bai sauka ba zan buɗe fatar da kaina, a hankali, in wanke ciki. Wannan ne kaɗai dalilin da ake taɓa idon da bai buɗe ba, kuma likita ke taɓawa, da wankakken hannu. Ba ciyaman ba.

Tunda kuna nan, ku ji. In karyarku ta haihu, ku bar idon. Kada kwalli, kada barkono, kada albarushi, kada tocila. In ya kumbura ko yana ruwa, ko an wuce mako biyu sosai bai buɗe ba, ku kawo mana. In kakanku ya ce wani abu daban, Allah ya jiƙansa, ku kawo mana duk da haka.

Masu shigo mani ta akwatin saƙo suna cewa Dakta a yi haƙuri, ranar rasuwa ce, Malama ba ta son tashin hankali: na gode. Na san ba ta so. Ta yi haƙurin, na ga inda ya kai ta. Ba zan zagi kowa ba, ba zan kai ƙara ba, ba zan aika kowa wajen kowa ba.

Jira kawai zan yi, abin da shi ya kasa.

Zan jira su buɗe da kansu. Zan jira hazon ya washe, su yi ƙafa, su fara bin abin da ke motsi. Sannan ranar kasuwar ƙauyensa zan sa takalmin danƙon da ta ba ni, in sauke kwalin daidai inda ya tsaya ya yi magana. Zan ɗaure uwarsu a gefe kowa ya ga idonta, in gangara masu ƙwallon tsumma, jama'a su kalli wanda zai bi shi. Zan ɗauka a waya, kamar yadda ta ce. Ba zan ɓoye ba, kamar yadda ta ce.

Shi ya yafe mata. Ni ban kai wannan matsayin ba.

Ya Allah, ga baiwarka Talatu ta zo maka. Ka san abin da hannunta ya yi, ka san abin da aka ce ya yi. Ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ita da ta yi ta tsare wa ƙananan halittunka duhunsu har su ƙarasa. Ka ba Hinde da Baba Audu juriya. Ka wanke sunanta a bakin mutanen da suka ɓata shi.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah ya tsaya ya yi mata addu'a, ko bai san ta ba. Ku sa da idon ƙaramin nan na hagu, Allah ya sa kumburin ya sauka kafin safe.

Ciyaman ma kada ku bar shi. Ku roƙa mashi tsawon rai da lafiyar ido.

Ina son ya gani da kyau.

Allah ya jiƙan Malama. Amin.